Ƙullin Ciyawar Salmanu

Kawuna Abarshi malamin daji ne a zamanin Turawa. Malami fa a baki kawai, don ko sunansa bai iya rubutawa ba. En'e ce ta ba shi kaki da adda, aka ce ya kula da hanyar da ta ratsa dajin Kamuku ta gindin duwatsu. Gajere ne, ga tsiwa kamar zakara, muryarsa ta fi jikinsa girma nesa ba kusa ba.

Hanyar kuwa ta kowa ce. Fatake da jakunansu, Fulani da shanunsu, matan Gwarawa da itace a kafaɗa, ga maharba. Inda dutse ya matse ta, kullum sai an yi cacar baki a kan wanda zai fara wucewa, kuma kawu ne mai rabawa. Ya zagi wannan, ya zagi wancan, kowa ya wuce yana dariya.

Dokar Bature ta hana farauta a gandun daji, amma wa ya isa ya hana maharbi daji? Kawu kau da kai yake yi, tunda maharban suna da tasu ƙa'ida tun kaka da kakanni. Duk wanda ya ɗana baka da kibiya mai dafi a wata 'yar turba da ta rabu da babbar hanya, sai ya ƙulle kan ciyawa a bakin turbar, ƙulli biyu. Kowa ya ga ƙulli ya san mutuwa na ciki, sai ya wuce. Wanda ya fi kowa kiyaye wannan shi ne Salmanu maharbi, aminin kawu, wanda wuƙa ɗaya ta yi musu kaciya.

Wata shekara da kaka, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai ga saƙo wai Baturen daji zai zo rangadi ran Alhamis, kuma ba ya son ciyawa ta taɓa masa likkafa. Ji fa, likkafa! Aka turo leburori daga cikin gari, mutanen da ba su san daji ba, suka hau sara hagu da dama. Kawu yana bin bayansu sai ya ga ƙulli biyu a cikin sararriyar ciyawa, daidai turbar da ke sauka rafi. Ya gane hannun Salmanu. Ya ce a ransa bari ya dawo ya kafa wata alama. Kafin ya juya aka ce ga Bature ya iso, ya ruga ya riƙe linzami. Kwana biyu yana bin gindin doki, ya manta. Wallahi mantawa ya yi, da bakinsa ya gaya mini.

Ran Asabar da hantsi, Huraira matar Jumare, Bafulatana mai tallan nono, ta bi turbar za ta wanke ƙwarya. Ƙafarta ta ja igiyar bakan da aka ɗana. Kibiya ta shige ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Da rarrafe ta fito hanya, kumfa na zuba a bakinta, kafin azahar ta cika.

Jumare ya zare kibiyar, ya ga zanen Salmanu a jikin kyauron. Shi da ƙannensa uku suka tare Salmanu a matsatsin dutse yana dawowa daga ɗibar zuma. Kawu ya ji labari ya sheƙo da gudu, ya tarar sun kewaye shi.

Jumare ya ce, “Kai maharbi, ina ƙullinka?”

Salmanu ya ce, “Na ƙulla! Na rantse da Allah na ƙulla!”

“Mun duba. Babu.”

Sandar farko ta karya wa Salmanu hannun da ya kare da shi. Ta biyu ta sauka a fuska, ido ya fashe. Kawu yana tsaye, taku biyar tsakaninsu. Abin da zai ce kaɗan ne: ni na sa aka sare. Amma ya dubi gorar nan mai ƙarfe a kai, ya dubi idon Jumare, bakinsa ya ƙi buɗewa. Mutumin da ke zagin fatake ashirin shi kaɗai! Ranar da ya ba ni labarin nan na tsane shi, kuma ban ɓoye masa ba.

Suka yi ta duka, zuma da jini suka cakuɗe a ƙasa. Sai da Salmanu ya daina kare kansa sannan kawu ya faɗa a kansa yana ihu, “Ni ne! Ni ne!” Wa ke saurarensa a lokacin? Suka karya wa kawu kafaɗa, suka tafi.

Ya jawo Salmanu inuwar dutse, ya ɗora kansa a cinya. Can Salmanu ya buɗe idon da ya rage, murya da ƙyar take fita.

“Abarshi, ko dai ban ƙulla ba ne? Ina ta tunani, na kasa tunawa. Kada in je gaban Allah da jinin baiwar Allahn nan.”

Kawu ya ce, “Ka ƙulla, Salmanu. Biyu. Leburorina suka sare, na gani da idona, na manta.”

Salmanu ya dube shi. Sannan ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe ba ni ba ne.” Bai ƙara cewa komai ba, kafin la'asar ya rasu.

Kawu ya je gaban alƙali ya faɗi duka, kafaɗa a ɗaure. Aka ce ƙullin ciyawa ba ya cikin doka, umarnin da aka ba shi ya bi, ya koma bakin aikinsa. Jumare aka ɗaure. Kawu ya ajiye kakin, ya koma noman dawa, ya yi shekara talatin bai ƙara ɗaga wa kowa murya ba. Yakan ce mini, da Salmanu ya zage shi ko sau ɗaya ne, da abin ya zo masa da sauƙi.