Muryar Inna a Filashi

Tsohuwar kwamfutar maigidana ta yi nauyi, sai a ɗora sanwa a sauke ba ta gama buɗewa ba. Na ji an ce akwai wani tsari na kyauta da ke farfaɗo da irinta, na ce bari in gwada da kaina.

Allah ne shaida ban yi garaje ba. A cikinta akwai muryar Inna, mahaifiyata, da na ɗauka a Toranke kafin ta rasu, tana yi wa 'yata waƙar reno da Barbarci. Sai da na kwafe ta a filashi, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, tukuna. To, filashi ɗaya ne a gidan, kuma a kansa na ɗora sabon tsarin don in sa shi a kwamfutar. Ashe yin haka yana share duk abin da ke ciki. Kwamfutar kuwa da hannuna na amince a goge ta, hankalina kwance.

Yanzu tana buɗewa kafin in gama bisimilla. Amma muryar Inna ta tafi. Mai gyara a Gaya ya duba filashin da kwamfutar, ya ce, "Hajiya, sai dai haƙuri."

Ni ba na jin Barbarci. Karin waƙar kaɗai ya rage mini, ina gunguninsa wajen wanke-wanke, shi ma kullum raguwa yake.