Leburancin da Girma Ya Hana Ni

Shekara ashirin da shida na yi ina gini a cikin birnin Zazzau kafin ranar da na fita neman leburanci. A Ƙofar Jatau aka haife ni, ubana magini, kakana magini. In ka bi lungunan unguwarmu a wancan zamani, da wuya ka shiga zaure uku ba ka wuce ta ƙarƙashin bakan gizon rufin da na ɗaure da hannuna ba. Wani zai ce yabon kai ne. To, ya je ya duba, da yawansu suna nan tsaye.

Sai siminti da rufin kwano suka shigo, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Duk wanda Allah ya buɗa wa, sai ya ce shi bulo yake so da rufi mai walƙiya. Masu neman soron ƙasa suka yi ta raguwa. Rani guda cur ba wanda ya yi mini sallama da maganar gini. Ana dai zuwa, a durƙusa a gaishe ni, a tafi. Wata safiya na ga mai ɗakina ta zura jiki a rumbu har ƙugu, na ji ƙwarya tana kankarar ƙasa. Hatsi ya zo ƙarshe. Mu tara ne a gidan.

Na ji labarin wani ɗan kwangila yana gina azuzuwan makaranta a Tukur-Tukur. Na sa rigata mai kyau, na naɗa rawani, na tafi. Wannan ita ce wautar farko, amma a lokacin ban taɓa neman aiki ba, aiki ne yake nemana.

Akawun wurin ya tambaye ni takardar shaidar birkila. Na ce masa takarduna suna cikin birni, kowace da ƙofa da rufi. Ya yi murmushi, ya ce ginin bulo sai mai takarda. Na ce to a rubuta ni lebura.

Ya ajiye alƙalami, ya dube ni daga rawani har takalmi. Ya ce, "Malam, ai ka fi ƙarfin wannan aikin."

Na ce, "Ban fi ƙarfin tuwo ba."

Muna cikin haka sai ga heluma, shugaban leburori. Yana ganina ya zube ƙasa. Ashe wanda ya yi shekara bakwai yana taka mini ƙasa ne, ni na koya masa murza tubali, yanzu ga shi da gemu da usur a wuya. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce wa akawu a rubuta ni.

Washegari na zo da sassafe, aka ba ni kwanon sarki, wannan faffaɗan kwanon ƙarfe da ake ɗaukar kwaɓin siminti a ka. Na sunkuya zan ɗauka, sai wani hannu ya riga ni. "Haba Baba, muna tsaye?" Na juya na nufi wani, shi ma aka fizge. Leburorin nan rabinsu 'yan birni ne, rabi daga ƙauyukan kewaye, kuma kusan kowa ko na yi wa ubansa soro ko ya taɓa jefa mini tubali ina bisa katanga. Kafin hantsi wani ya shimfiɗa mini buhun siminti a inuwar durumi, wani ya kawo ruwa. Duk wanda zai wuce ta gabana sai ya rage tsawo ya gaishe ni, da kaya a kansa, kwaɓi na zuba. Na yi faɗa, na yi magiya, har na zagi ɗaya. Ya ce ya gode.

Ni ma ina da nawa laifin. A rana ta biyu ina zaune, tun da an hana ni komai, sai idona ya faɗa kan kusurwar wani aji, na ga ta fita layi. Na ce a kwance sahu uku a sake. Ban ɗaga murya ba, wallahi. Amma leburori suka ajiye kaya suna jiran a yi abin da na ce, birkilan da ya ɗora ta kuwa ya jefar da cokalin gininsa, ya ce a zaɓa ko shi ko ni. Da aka sa igiya, maganata ta fito. Wannan bai taimake ni da komai ba.

A rana ta uku heluma ya ce zai raka ni. Na san abin da rakiyar take nufi. Muka taka har bayan tarin yashi, ya tsuguna.

Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Aikina tsawa ne. In ban yi wa lebura tsawa ba, ɗan kwangila ya kore ni. Ni kuwa bakina ba zai iya yi maka ba. Kuma muddin kana wurin, ba wanda zai ji tawa."

Na ce, "Ka yi mini mana. Ni na ba ka izini."

Ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tausayinsa, don ni na koya masa ladabin da ya kore ni da shi. Na sa masa albarka na kama hanya.

Da na ba mai ɗakina labari, tana tankaɗen ɗan abin da ya saura, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai ma Malam, ka tafi roƙon leburanci da rawani, a inda kowa ya san ka. Garin ya ƙare ne a Tukur-Tukur?"

Maganar ta ƙona mini rai, don ba na son ta riga ni gane abu, ita kuwa ta saba.

Da gari ya waye ta ciro mini wata tsohuwar taguwa da nake sawa in zan hau rufi, da hula da ta koɗe. Na fita ta bayan gida don kada maƙwabta su gani. Na taka har Sabon Gari, can bayan layin dogo, inda ake gina ɗakunan ajiyar gyaɗa. Heluman wurin mutumin Kudu ne, bai san ni ba, bai san ubana ba. Ya tambaye ni ko na taɓa aikin gini. Na ce na taɓa ɗaukar ƙasa. Ban yi ƙarya ba. Ya kama tafin hannuna ya juya, ya ce in ɗauki kwano.

Kwanon ya fi yadda na zata nauyi, kuma wuyana bai saba ba. A zuwa na huɗu na tsaya ina maida numfashi, sai na ji daga bayana: "Kai tsoho! Barci ka zo yi? Yi sauri!"

Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya yi mini magana haka. Raina ya ɓaci, sai kuma na ji wani sanyi ya sauko mini, don na san na samu aiki, yau za a ɗora tukunya a gidana. Na ce, "To, maigida," na ƙara sauri.

Da la'asar na kai kwaɓi gindin katangar gabas. Ina saukewa na ɗaga ido, na ga ta karkace kamar faɗin yatsa biyu. Maganar ta zo har bakina. Na tuna ƙarar ƙwaryar nan a gindin rumbu, na haɗiye ta, na ɗauki kwanona na koma layi.

Wata goma sha ɗaya na yi a wurin ba wanda ya san ni. Katangar tana nan har yanzu da karkatarta, kuma duk ranar da hanya ta bi da ni ta gefenta, nakan kau da kai.