Kujerar da Aka Ce Ta Karye

Shekara ashirin da shida kafintan gidan wasan kwaikwayo yana aiki a ɗakin bayan dandamali, tsakanin garin katako da gwangwanayen fenti. 'Yan wasa na kiransa Baba Ƙusa, don inda wani zai buga biyu, shi sai ya buga biyar. Matakalarsa ba ta taɓa kayar da kowa ba. Ƙofar da ya haɗa, ko sau ɗari aka banko ta, tana nan daram.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya miƙa kujera sai an zauna an gwada. Matarsa ce mai gwajin. Mace ce mai jiki, in ta kawo masa abincin rana sai ta zube a kan sabon aiki, ta jijjiga, ta ce, "Ta yi, Malam." Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Bai yi kuka ba. Yana zuwa aiki, yana komawa gida, abinci duk ɗaya yake jin sa a baki. Gwaji ya dawo kansa.

Ana nan aka kawo wasan da maigida zai zauna, kujera ta karye da shi, 'yan kallo su kwashe da dariya. Ta farko ta ƙi karyewa. Ta biyu kuwa, ɗan wasan ya yi ta tsalle a kanta har ya haɗa gumi.

"Baba," in ji darakta, "jibi za mu fara. In abin ya gagara, sai in nemo wani kafinta. Ba da son raina ba."

"To," kawai ya ce. Ya san in wani ya shigo, ya shigo ke nan, shi kuma ba shi da wurin wuni sai ɗakin nan.

Ya ɗauki zarto ya yanka ƙafafun ta ciki har saura ƙiris, ya toshe da gam da garin katako, ya shafa fenti. Hannunsa ke aiki, shi kallo kawai yake. Da fenti ya bushe, ko tunani bai yi ba, ya juya ya zauna.

Sai ga shi rigingine a ƙasa, ƙafafun kujera sun watse. Ya daɗe yana kallon rufi. Lokacin abincin rana ya yi, ba wanda ya turo ƙofa.

"Ta yi, Malam," ya ce wa kansa.