Ƙodar Da Na Bayar Ban Saki Ba

Edita, a shekarun da kuɗin fetur ya fara zuba a ƙasar nan, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai a cikin garin Daura, ba ni da wata sana'a sai riƙe wa yayana jaka. Shi ya fara da sayen gyaɗa a Zango, daga baya ya koma kwangila, Allah ya buɗa masa. Ni kuwa ko sunana ba a damu da sani ba, ƙanin Alhaji kawai ake ce mini, abin kuma yana ci mini rai ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi aka kai shi Ingila, likitoci suka ce sai an dasa masa wata, aka gwada 'yan uwa aka tarar tawa ce ta dace. Na bayar. Ina so in ce don Allah da zumunci na yi, amma yau na san har da neman suna a ciki.

Kafin mu dawo likita ya zaunar da mu, ni da matar Yaya. Ya ce maganin da Yaya zai riƙa sha yana kwantar da ƙarfin jiki ne don kada jikin ya ƙi baƙuwar ƙodar, saboda haka cutar da wani zai yi kwana uku ya miƙe, shi tana iya kayar da shi. Ya ce a rage 'yan dubiya, kada mai mura ko ƙuraje ya kusance shi. Matar Yaya ta riƙe maganar nan kamar karatun sallah. Ni kuwa a zuci na ce wannan bai san Daura ba.

Muna sauka gida ya cika. Mutanen da ba su taɓa amsa mini sallama da kyau ba suka riƙa rusuna mini. Matar Yaya ta sa tabarma a bakin ɗakinsa ta zauna, duk wanda ya zo sai dai ya gaida shi ta taga. Wannan ya bar mini zaure ni kaɗai, na kuwa ci kasuwata. Da an taru sai in ɗaga riga in nuna ɗinkin da ke kwiɓina, su yi ta salati, in ƙara wa labarin gishiri. Ban ga tarin marasa aikin yi irin waɗannan ba, shinkafa ta kawo su da ɗan abin da Yaya ke aikowa, amma ni da ke tsaye tsirara rabin jiki ina yi musu wasa na fi su arha.

A cikinsu akwai wani maroƙi daga garin Babban Mutum da ya shirya mini kirari, wai ni ne wanda ya raba cikinsa biyu ya ba ɗan uwa rabi. Tun da nake ba a taɓa yi mini kirari ba. Na ji ba zan samu natsuwa ba sai an yi shi a gaban Yaya. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ja shi cikin gida. Matar Yaya ta dube shi sau ɗaya ta ce ba zai shiga ba, ga ƙuraje masu ruwa a wuyansa da goshinsa, ƙarambau ne. Na ga ƙurajen sarai. Na fake da wasan da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa na yi ta yanka mata magana, na ce ƙarambau ciwon yara ne, ita dai so take ta mallake mana ɗan uwa. Da ta ƙi tashi sai na bar wasa, na ce mata ƙodar da ke jikin mutumin nan tawa ce, don haka na fi ta iko da ɗakin. Yaya ya ji mu, mutum ne mai gudun rigima, ya ce mata ta bar mu mu shigo. Maroƙin ya durƙusa dab da gado, ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya yi ta zabga kirari yana tari a tsakani. Ni ina gefe ina murmushi.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya rufe Yaya, ƙuraje suka fito har cikin bakinsa, numfashi ya yi wuya, fitsari ya ragu. Aka sake ɗaukarsa zuwa Ingila, wannan karon ba a ce in zo ba. Likitoci suka dakatar da maganin nan don jikinsa ya samu ƙarfin yaƙar cutar, jikin kuwa da ya farfaɗo sai ya juya kan ƙodar. Ta lalace, aka cire ta, aka mayar da shi kan injin wankin jini. Bai cika wata huɗu ba Allah ya yi masa rasuwa a can. Masu cika zaure suka watse tun kafin labari ya iso, maroƙin ma ya warke sumul ya koma ƙofar wani ɗan kwangilar.

Da matar Yaya ta dawo na shiga yi mata ta'aziyya, na durƙusa ina jiran zagi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Yaya bai taɓa ambatona da sharri ba har ya cika. Sannan ta ce kayan nan nawa da na yi mata gori a kansu an cire an sa a kwalba, suna can asibiti, in ina so in je in karɓa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma sanin haka bai taɓa wanke ni a wurin kaina ba. Duk mai jinyar wanda aka yi wa dashe, ya riƙe maganar likita ko da dangi za su kira shi mara mutunci, ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda baiwar Allah nan ta tsaya. Wanda kuma ya yi kyauta, ya sake ta gaba ɗaya ya yi shiru. Ni har yau ɗinkin yana nan a kwiɓina, ko wanka zan yi ba na dubansa.