Sabo Mai Duba Bakin Kifi

Malam Sabo ya haura shekara sittin, manomi ne a wani ƙauye kusa da Burumburum, yana da mata ɗaya, Tasalla, da 'ya'ya da duk suka kama gabansu. Ba masunci aka haife shi ba. Gonarsu ta gado tana ƙarƙashin ruwan Tiga, kuma da aka tashe su bai bi 'yan'uwansa sabon matsuguni ba, sai ya zauna bakin dam yana ɗinke wa masunta koma yana ɗaukar musu kaya. Abu biyu ya baro wurin da su: sanin kifi da rashin yarda da mutane. Mutanen ƙauyen kan ce in ka gaya wa Sabo gari ya waye, sai ya leƙa waje kafin ya amsa.

A bayan gidansa akwai wani tsohon kududdufi inda aka ɗebi ƙasar ginin unguwar. Ambaliyar shekarar tamanin da takwas ta cika shi har ya haɗe da rafi, amma da bazara ta yi ya ƙafe ƙaf kamar yadda ya saba. Sabo ya shiga ya zagaye shi da ƙafa, ƙasa ta tsattsage, ko kwaɗo babu, sai wasu 'yan ramuka nan da can da ya ɗauka na gyare ne. Nan ya yanke shawarar zuba kifi. Bai haƙa ba, bakin da ruwa ke zurarewa ya datse da ƙasa da duwatsu don ruwan ya kai rani.

Da damina ta kankama ya ɗaura garwa biyu a bayan keke ya nufi Tiga wurin wani masunci da ya sani, Ubale. Sayen da wani zai gama kafin hantsi, Sabo sai ya kai la'asar a kansa. Duk ɗan kifin da aka miƙo sai ya sa babban yatsa ya buɗe bakinsa ya leƙa. Ya ce kifi kamar maƙwabci ne, ba launinsa ake dubawa ba, bakinsa ake dubawa. Karfasa ya ɗiba da yawa, don bakinta ƙarami ne, dusa da gansakuka sun ishe ta. Bargi ma ya yarda da shi, tun da ba ya kula kowa. Tarwaɗa kuwa kaɗan ya ɗauka, kuma sai wadda ba ta kai karfasar girma ba, don ya san ran da ta girmi maƙwabciyarta ran nan zumunci ya ƙare. Tsage, mai haƙora kamar zarto, ko kusa da garwar bai bari an kawo ba.

A garwa ta biyu ya tsinci ɗan giwan ruwa guda a cikin karfasar, wanda in ya girma shi kaɗai zai share kududdufin. Ubale ya rantse kuskure ne, ya ce ƙanana ne, kamarsu ɗaya a cikin ƙwarya. Sabo bai ce ƙarya yake ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ya zube garwar duka a faifai ya sake dubawa daga farko.

Mutum ɗaya ne Sabo bai taɓa bincikar maganarsa ba, shi ne Hamidu, Bafulatanin da rugarsu ke tsallaken rafi. Tun zuwan Sabo ƙauyen suke da tsari: shanun Hamidu su sha a kududdufi muddin da ruwa, bayan girbi kuma su kwana a gonar Sabo su bar masa taki. Ba a rubuta ba, ba a kira shaidu ba. Gonar tudu ce mai tsakuwa, takin nan ne ke sa ta yi dawa. Hamidu na kiransa Kaɗo, shi yana kiran Hamidu Ɗan Fillo, matar Hamidu kuma, Saude, takan biyo da nono ta zauna wurin Tasalla su yi hira.

Da kaka ta yi, Sabo ya lura in ya watsa dusa da safe ruwan ba ya tafasa da kifi kamar da. Ya fara zargin tsuntsaye, ya kafa mutum-mutumi. Ya zargi tarwaɗar, ya jefa koma ya kamo wasu, ya ga har yanzu bakinsu bai isa ba. Ya tuna da Ubale da ɗan giwan ruwansa, ya ja komar daga wannan baki zuwa wancan, bai ga kifi ko ɗaya da ba shi ya zuba da hannunsa ba. Amma karfasa na raguwa. Sawun da ke bakin ruwa kuma, ban da nasa, iri biyu ne kacal, na shanu da na takalmin robar Hamidu.

Sai ya fara lura da ƙwaryar Saude. Takan zo da ita a rufe da faifai, ta koma da ita a rufe, kuma hanyar bakin kududdufi take bi. Ya faɗa wa Tasalla abin da ke ransa. Tasalla ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, mutumin da ko tukunyar da aka dafa kifi ba ya cin tuwonta? Saude fa in ta ji ƙarni toshe hanci take."

"Ba sai mai ci ke ɗauka ba," in ji Sabo. "Kasuwa ba ta tambayar mai kaya ko yana ci."

Tasalla ta ce hanyar bakin kududdufi ita ce hanyar ruga tun kafin a zuba kifi. Sabo ya ce shi ya sa ba wanda zai yi mamakin ganinta a wurin.

Bai tunkari Hamidu ba. Ya shiga daji ya saro ƙayar bagaruwa ya kewaye kududdufin da ita, har da gangaren da shanu ke sauka. Da hantsi Hamidu ya iso da garkensa, shanu suka tsaya suna shinshinar ƙaya. Ya tambaya ko lafiya, Sabo ya ce kofato ne ke rusa masa madatsi. Hamidu ya dubi madatsin, wanda ke can ɗaya gefen inda saniya ba ta taɓa takawa ba, ya dubi Sabo, ya ce to Allah ya kyauta. A cikin makon Hamidu ya tashi da shanunsa ya yi wajen Doguwa. Karan dawar Sabo ya bushe a tsaye ba wanda ya ci, gona ta kwana ba taki.

Kifi kuma bai daina raguwa ba. Wata safiya Sabo ya tsinci karfasa tana yawo a saman ruwa, an gutsure rabinta. Ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo. Tasalla ta ce ai ga amsa nan, ɓarawo ba ya cin rabi ya bar rabi. Shi kuwa ya ce mai jin haushi yana iya aiko wani ya yi ɓarna don a ce ba shi ba ne tun farko. Ya ce ƙaya ba ta isa ba, katanga zai gina.

Da rani ya yi nisa ya fasa madatsin ya kwashe ɗan abin da ya rage, bai cika kwando ba. Ya bar ƙasan ya sha rana har ya tsage, sannan ya shiga da galma don haƙar ƙasar da zai yi tubalin katangar. Bai yi nisa ba galma ta fasa wani dunƙule, ya ga abu baƙi a naɗe cikin wata fata busasshiya mai kama da takarda. Ya taɓa da yatsa, abin ya motsa ya yi wani ɗan kuka. Gaiwa ce, kifin nan da ke shigewa laka in ruwa ya ƙafe, ta kwanta da ranta har wata damina. A saman inda take akwai ɗan ramin nan da take shaƙar iska, irin wanda ya ce na gyare ne. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya sara sai ya fito da wata, wasu sun kai tsawon damtse, sun yi ƙiba. Ambaliya ce ta kawo su daga rafi, suna kwance ƙarƙashin ƙafarsa ran da ya zagaya ya ce wurin ba kowa. Ya buɗe bakin ɗaya da tsinke saboda sabo, ya ga abin da ya gutsure karfasarsa.

Ran kasuwar Ƙafin Maiyaki ya naɗe dunƙule guda da bai fashe ba a buhu, ya hau mota. Ya sami Hamidu a kara, wurin cinikin shanu, ya kawo maraƙi. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da daɗi, sannan Sabo ya ajiye dunƙulen a ƙasa, ya ari buta ya zuba masa ruwa, ya ɓare shi a hankali. Gaiwa ta warware tana mutsu-mutsu. Ya ce ga wanda ke cinye masa kifi.

Hamidu ya ja da baya ya rufe hanci da bakin rawani.

"Au, kifi ne ke ɓata? Ni ai kofato aka gaya mini." Ya nuna ta da sanda, don zancen zargin ya daɗe da isa kunnensa. "To Kaɗo, wannan ce Saude, ko ni ne?"

Sabo ya ce ruwa na nan, shanu su dawo in damina ta yi. Hamidu ya ce takin bana ya riga ya yi wa wani manomi alkawarinsa a can Doguwa, kuma shi ba ya sa wa alkawari ƙaya. Na baɗi kuwa, ya ce, sai ya ga hanya tukuna.

Sabo ya dawo bai gina katangar ba. Ya shuka dawarsa ba taki, ta fito sirara. Kifi kuma ya ce ba zai sake zubawa ba sai ya tabbata da abin da ke ƙasa, don bai yarda ya haƙe su duka ba, har yanzu in ya ga rami a kududdufin sai ya zura kara. A makon jiya ya ɗauki manjagara ya janye ƙayar da ke gangaren shanu, ya tara ta gefe ya cinna mata wuta, sannan ya bi gangaren da tsintsiya yana tsince waɗanda suka zube a ƙasa.