Karkatacciyar Dangar Tabawa

In ka bi hanyar da ta ratsa Azarori, bayan disfansar, wato ƙaramar asibiti, akwai wani gida mai danga karkatacciya, awa raƙumi ya jingina da ita. To, gidan Tabawa ne. Ta rasu bara, Allah shi jiƙanta. Ba ta da gona babba, ba ta da miji, ɗanta guda Mahfuzu shina cin rani Abijan. Sana'arta wankan jego. Rabin samarin unguwar nan ita ta gasa uwayensu.

Shekara tara ke nan, lokacin cirar albasa, wani kamiyo, babbar mota ɗauke da albasa, ya lalace bakin gari. Mai kayan mace ce daga Lome, Madam Afi, mai zobba har ukku a hannu guda. Kirista ce, ga tsohon ciki. Tsayuwar rana da ɓacin rai sunka taso mata da naƙuda tun wata bai cika ba. Ta haihi ɗiya mace, ƴar mitsitsiya.

Hulda, ungozomar disfansar, ta ce Madam ba ta hawa mota da jaririyar nan. Sai ta leƙa gidan Tabawa.

"Inna, ɗakin Mahfuzu ba kowa ko?"

"Sai ɓeraye. Ita mai zobban ta iya kwana bisa tabarma?"

"Ba tabarma ce damuwa ba, Inna. Nono bai zo ba. In ya ƙara kwana biyu, ɗiyar nan ba ta kai suna."

Tabawa ta ce: "Nawa ɗan ma baƙo ne inda shike. Kawo ta."

Wanka kuwa sai da wuta. Kowa ya san wuyar itace a ƙasar Adar, mace ta wuni daji ta komo da abin da bai dahwa tuwo biyu. Tabawa ta duba murhu, ta duba dangar karan da Mahfuzu ya ɗaure mata kahin shi tahi. Sai ta kwance gefen yamma ta hura.

Da Madam Afi ta ga tukunya na tafarfasa, ga tsohuwa riƙe da ganyen sabara tana nuna mata dutsen zama, sai ta ja baya har bango. Ba ta jin Hausa sai ta ciniki. Ta riƙa kuwwa: "Rage! Rage!"

"Ji min mata! Albasa nike saida miki?" in ji Tabawa.

Lallashi ya ƙi. Sai tsohuwar nan ta tuɓe gyale, ta zamna bisa dutsen ita da kanta, ta tsoma ganye ta fyaɗa ma bayanta. Ta sake. Hwatar ta yi ja, ba ta ko motsa ba. Ta miƙa ma baƙuwar hannu. Madam Afi ta daɗe tana kallon bayan nan, kana ta zare zobbanta ɗaya ɗaya ta aje bakin turmi, ta zamna.

Bayan wanka kunun kanwa, bayan kunu a sa ɗiya ga nono ko babu komi. Safe da marece. Danga kuwa tana ta ragewa. Awaki sunka samu hanya, sunka cinye zogalen tsakar gida. Jima maƙwabciya ta tsaya daga ƙoharta tana dariya.

"Tabawa, gidanki ya zama tasha! Kin ƙone sutura saboda wadda ba ta ko salla?"

"Ke da ke salla, kawo min kara dami guda mana."

Jima ta shige. Can an jima sai ga dami ya hwaɗo ta bisa katanga.

Ranar ukku da hantsi, Tabawa na daka, ta lura kukan jaririya ya ɗauke. Ta yar da taɓarya ta ruga ɗaki. Ta iske ɗiyar ta kama, tana ta zuƙa, nono har shina bin gefen bakinta. Madam Afi na hawaye, tana hwaɗin wani abu da yarensu. Tabawa ta ce: "Amin, ko mi kinka ce."

Hulda ta ce kunu ne da kwanciyar rai. Tabawa ta ce ruwan zahi ne. Har ta mutu ba su shirya ba kan maganar nan.

Anka gyara kamiyo, albasa ta yi gaba, Madam ta zamna. Kwana ashirin ta yi. Danga ta ƙare ƙaƙaf, mai wucewa kan jaki shina ganin har cikin tukunya.

Ana jibi za ta tahi, mutane sunka ga abin da ba su taɓa gani ba. Madam Afi, wadda ke aika ƙatti goma da yatsa guda, ta ɗauro kara bisa kai tun daga gonar wani manomi, Zali, zane ɗaure a ƙirji, Tabawa na biye da goyon jaririya. Maza sunka taso su karɓa, ta ƙi. Ita ta gina ramu, ita ta kahwa itace, ita ta ɗaure. Karan ya yanke mata yatsu. Da ta gama, danga ta kwanta gefe guda.

"Wagga ko iska ya ji kunyar tura ta," in ji Jima.

Da Mahfuzu ya komo da damana, ya ce bari shi kwance dangar shi miƙe ta. Uwar ta ce in ya taɓa, shi koma Abijan. Kowace shekara sai dai a ƙara sabon kara bisa tsohon, a bi karkatar yadda take.

Madam Afi ta ci gaba da zuwa lokacin albasa. Ba ta ƙara Hausa ba, Tabawa ba ta koyi nasu ba. Su zamna gindin dangar nan su wuni, wannan na hwaɗin nata, waccan na hwaɗin nata, suna dariya.

Bana ta zo da yarinyar, ta iske gida ba Tabawa. Ta daɗe tsaye. Daga nan ta aje jaka, ta tambayi Mahfuzu, wanda ya komo gida, inda kara shike.