Jan Ƙafar Malam

Autanmu ɗan wasan kwaikwayo ne, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa sana'ar ba ta kwanta mini ba. Ni ce babba a ɗakinmu, ni na goye shi, don haka ina da bakin faɗa. Masinja yake a jami'a can Samaru lokacin da ɗalibai suka rasa wanda zai fito musu a tsoho, suka shafa masa alli a gemu suka tura shi gaban jama'a. Daga nan ya koma talbijin a Kaduna, daga baya masu fim na Kano suka riƙa aiko masa. Bai taɓa fitowa a ango ko attajiri ba. Kullum shi ne dillali, ko kawu marowaci, ko ɗan sandan da barci ya sace a bakin aiki. Ya fito, ya faɗi magana uku, ya ɓace. Amma in an tashi daga kallo, tasa ake maimaitawa a tasha.

Ban yi boko ba, sai dai Allah ya ba ni ido. Na tsufa ina sayar da daddawa da kuka a kasuwar Sabon Gari, tun daga nesa nake rabe mai saye da mai tayi. Auta yakan zo ya zauna a bayana yana kallon mutane. Bayan 'yan makonni sai maƙwabta su ce sun ji tarin mahaucin layinmu a talbijin.

"Sata ce wannan," na ce masa. "Wani ɓarawon kaya yake ɗauka, kai mutane kake ɗauka."

"Aro nake yi, Yaya."

"Wa ka taɓa mayar wa?"

Ya yi dariya ya ɗauki goro a farantina, shi ma ba da izini ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, Malam muke ce masa. Gadin ƙofa yake yi a wani kamfani a Chikaji, kuma duk unguwa an san shi da jan ƙafar dama, sharr, sharr. Shekara biyu da rasuwarsa Auta ya same ni a gida, a Muchia. Ya ce an ba shi maigadi a wani fim, fitowa mafi tsawo da aka taɓa ba shi, yana so in ara masa takalmin Malam.

"Mutumin da ya tsaya maka a matsayin uba ranar aurenka, shi za ka baza a faifai a yi masa dariya?"

Ya sha ruwa ya tafi, na ɗauka magana ta ƙare.

Wata safiya na je Samaru duba matarsa da ba ta jin daɗi. Ina zaune a tsakar gida sai na ji daga soro, sharr, sharr. Kafin in yi tunani hannuna ya kai ga ɗankwalina yana gyarawa. Auta ne, bai san na zo ba, yana gwaji. Ya shigo a karkace, ya yamutsa fuska kamar mai ciwon kwankwaso. Da ya gan ni ya daskare.

Na buɗe baki in wanke shi tas. Abin da ya fito shi ne, "Ba haka ba ne."

"Yaya?"

"Wa ya ce maka gurgu ne? Ƙafar Malam lafiyarta lau. In ya makara masallaci, kai da ƙuruciyarka ba ka kamo shi, kuma ba ka jin motsinsa. Sai in ya doshi mutane yake jan ta."

Na gaya masa abin da Malam ya gaya mini da bakinsa. Ya ce in ya kama ma'aikaci yana barci ko yana cusa abu a riga, dole ya kai ƙara, mai iyali ya rasa aiki. In kuwa mutum ya ji tafiyarsa ya gyara, su biyu sun huta. Ko a gida, in ina mita a kan uwarsa, tun daga soro yake fara ja don in samu in rufe bakina.

Auta ya zauna a kan turmi. "Shekara nawa ina kallonsa, ban gane ba."

"Kai kallo ka yi, ni zama na yi. Tashi. Miƙe bayanka, Malam ba ya ranƙwafawa. Kau da kai gefe kamar kana duba katanga, ba ya son ganin abin da zai gani."

Sau nawa na mayar da shi soro, ban ƙirga ba. Matarsa da ke dariya daga ɗaki ta daina. Sai da na shiga motar Sabon Gari na ga abin da na yi: na hana takalmi da hannu, na miƙa mutumin da baki. Alkawari ɗaya na karɓa daga gare shi, cewa ba za a yi wa Malam dariya ba.

Fim ya fito bayan babbar salla. Matan kasuwa ne suka kawo mini labari.

"Mama, ƙaninki zai kashe mu da dariya. Wannan gurgun maigadi!"

Ashe duk inda ya ja ƙafa, masu haɗa fim ɗin sun ɗora wani kiɗa mai kama da kukan agwagwa. Na auna wa matar daddawarta. Auta ya ɗauke ƙafa daga kasuwa da gidana. Da aka yi wata biyu na yafa mayafi na tafi Samaru.

Na same shi a ƙofar gida, ya rame. Bai bari mun gama gaisawa ba.

"Wallahi Yaya yadda kika ce haka na yi. Kiɗan daga baya suka sa, ba na nan. Na yi magana, suka ce dama don dariya ake kirana."

"Nuna mini."

Ya ciro waya. Wannan ne karo na farko da na zauna kallonsa. Na daure na kalla har ƙarshe da agwagwar da komai, sannan na ce ya mayar baya ya kashe muryar.

Sai ga maigadi ya nufi sito, ciki wani ma'aikaci yana tura abu a aljihu. Maigadin ya rage sauri. Ya fara jan ƙafa, ya kau da kai yana duba katanga. Ma'aikacin ya mayar da abin. Maigadin ya wuce kamar ba kowa. Ƙarar jan ƙafar ma ta tafi tare da kiɗan, amma wannan ina da ita a kunnena.

Auta yana kallon fuskata, yana jira.

"Kafaɗarka ta hagu ta yi ƙasa da yawa," na ce. "Sake sa mini."

Gari kam yana nan da gurgun maigadinsa, yara har kwaikwayo suke yi a layinmu. Ba zan bi gida-gida ina kashe murya ba, kuma in laifi ne, rabinsa nawa ne. Har yanzu ban yanke ba ko da na yi shiru a tsakar gidan nan ya fi. Da na yi shiru, da wani gurgu daban suke wa dariya. Da kuma ba ni da inda zan ga Malam yana tafiya.

Auta ya sa an tura mini guntun a wayata, na ce a rufe muryar tun daga can. Ban san inda ake dannawa ta dawo ba, ban kuma tambayi kowa ba.